Kwana huɗu a Mostar: yadda na shiga, inda na rikice, da abin da zan gyara in zan koma

Tunda na dawo mutane suke ta min tambaya iri ɗaya, wai ya akai na shiga Bosniya da fasfon Najeriya, nawa na kashe, kuma da gaske ne ruwan kogin Mostar kore ne haka ko gyara hoton da na ɗauko nayi. To ruwan dai kore ne wallahi, ban taɓa komai a hoton ba. Sauran kuma bari in zauna in rubuta shi daga farko har ƙarshe, saboda nima kafin in tafi na sha wahalar neman bayani, wanda na samu ɗin ma duk na masu jan fasfo ne waɗanda ba ruwansu da biza. Mostar gari ne a kudancin ƙasar, yankin da ake kira Hazegobina, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, kogin Neretva ya ratsa tsakiyarsa ya raba shi gabas da yamma. Ni da abokina muka je farkon watan Yuli bayan mun gama jarrabawa.

Maganar takardu ita ce ta fara cin min rai. Ina karatu a Ostiriya, ina da katin zama, kuma da farko a tunanina duk Turai ɗaya ce, ka ɗau jaka ka wuce kawai. Ashe Bosniya bata cikin Tarayyar Turai, bata cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu da biza ɗaya, iyakarta daban, kuɗinta daban. Mai fasfo irin namu a ƙa'ida sai ya nemi biza a ofishin jakadancinsu kafin ya taso. Amma akwai sassauci: in kana da katin zama na wata ƙasar Shengen, ko bizar Shengen mai shiga da fita sau da yawa wadda bata ƙare ba, zaka iya shiga ka zauna har kwana 30 ba tare da bizarsu ba. Dan Allah a kula da wannan kalmar ta "sau da yawa". Mai bizar shiga sau ɗaya bata masa aiki, kuma ko da ya samu ya fita to bizar tasa ta ƙone kenan, bashi da hanyar komawa inda ya fito. Na shiga shafin ma'aikatar harkokin wajensu na nemo inda aka rubuta dokar na buga ta a takarda, na haɗa da takardar masauki, tikitin dawowa, da inshorar tafiya. Ita inshorar ma sai da na sake saye, don ta farkon da na karanta ƙananan rubutun sai naga bata ɗauke wasannin ruwa mai gudu ba, ni kuma shi ne rabin abin da zai kaini.

Ranar tafiya a filin jirgi na Biyana, babban birnin Ostiriya, takardar da na buga ɗin nan ita ta cece ni. Matar da ke kan kanta ta buɗe fasfona ta juya shi gaba da baya tace ina bizar Bosniya, nace babu, ga katin zamana. Tace bata ga yadda za'ai ta bani takardar shiga jirgi ba. Gabana ya faɗi gaskiya, mutane a bayana layi ya yi tsawo kowa yana kallona, abokina shi ya riga ya wuce ta wata kantar ba wanda ya tambaye shi komai alhali takardunmu iri ɗaya ne sak. Na miƙa mata takardar nace ta duba, ta kira wani babba da ita, suka shiga kwamfuta suka duba, wajen minti ashirin ina tsaye, sannan ta bani haƙuri ta buga min. Da ace na zo a ƙurarren lokaci da shikenan jirgi ya tashi ya barni. Tashin kansa ɗan sama da awa ɗaya ne. A Sarayebo, babban birnin Bosniya, jami'in shige da fice ya karɓi fasfo da katin, ya tambaye ni kwana nawa, ina zan sauka, na nuna masa, ya duba tikitin dawowa ya buga hatimi, ko minti biyar ba'a yi ba. Wato inda nake tsoro ba nan matsalar take ba.

Muna fitowa na kunna waya sai ga saƙo daga kamfanin layina yana faɗa min farashin data a nan, sai da na sake karantawa don na ɗauka ban gani daidai ba. Tsarin nan na amfani da layinka kyauta a ƙasashen Tarayyar Turai baya aiki a Bosniya, in ka bar data a kunne kafin ka kai cikin gari an cinye maka kuɗin abincin kwana biyu. Na kashe nan take, washegari muka sayi layin ƙasar na 'yan yawon buɗe ido. Sai kuɗi. Kuɗinsu marka ne, ana rubuta shi KM, kuma a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya marka 1.95583, baya hawa baya sauka, saboda haka lissafin ba wuya, ka raba farashi biyu kawai ka samu yuro. A tsohon gari na Mostar masu shago da yawa suna karɓar yuro a kan ɗaya biyu, amma bas, jirgin ƙasa, gidan burodi da ƙananan wurare marka suke so kuma a hannu, kati ba ko'ina yake ci ba. Ka ciri kuɗi da ɗan yawa lokaci ɗaya don injinan cire kuɗi suna yankar nasu duk cirewa.

Kwana ɗaya muka yi a Sarayebo, bazan tsaya kansa ba don shi labarinsa daban ne. Abin da ya shafi wannan tafiyar shi ne jirgin ƙasa. Sau biyu yake zuwa Mostar a rana, ɗaya da sassafe wajen bakwai, ɗaya da yamma, in ka rasa na safe to sai bas. Tashar bas ɗin tana maƙale da tashar jirgin, amma a kula akwai wata tashar bas ɗin can da nisa a yankin da ake kira Sarayebo ta Gabas, in kace wa mai taksi tashar bas kawai zai iya tambayarka wacce, kace ta kusa da jirgin ƙasa. Mun isa minti arba'in kafin lokaci, muka sayi tikiti a taga, bai kai marka 20 ba kowane mutum, kuma mun yi dace da muka yi sammako don lokacin zafi jirgin cika yake. Wani ma'aikaci ya ɗaga min hannu da na ɗago waya, ashe ba'a ɗaukar hoto a cikin tashar. Ka nemi kujerar hagu in kana tafiya kudu. Awa biyu ne tafiyar, rabin farko ba wani abu, amma daga inda jirgin ya fara gangarowa zuwa garin Konjic sai ya dinga shiga ramin dutse yana fita, yana hawa gada yana kewaya, ka hango layin dogon da zaka bi nan da minti biyar can ƙasanka. Daga nan ya bi gefen tafkin Jablanica, sannan ya shiga kwazazzabon da kogin ya yanka tsakanin duwatsu. Duk cikin taragon shiru akai, kowa ya manne da taga. Wani abu da zai taimake ka wajen tambayar hanya: harafin j a wurinsu y ne, c kuma ts, saboda haka Konjic Konyits ake cewa, Blagaj kuma Blagai. Na kwana biyu ina faɗa ba daidai ba mutane suna kallona basu gane inda nake nufi ba.

Mun sauka Mostar wajen tara na safe amma rana ta riga ta buɗe sosai. Ni na ɗauka garin duwatsu sanyi zai yi, har da rigar sanyi na cusa a jaka. Ina. Garin a cikin kwari yake, duwatsun farare ne tsirara suna maido da zafi, da azahar sai da ya doshi digiri 40. Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, miƙaƙƙiya. Masaukinmu ɗaki ne a gidan wata dattijuwa a ɓangaren gabas, wajen yuro 20 kowannenmu a dare, ita ta karɓi fasfo ɗinmu ta rubuta bayanai don doka ce a yi wa baƙo rajista, in a otal kake ko gidan haya mai lasisi su zasu yi maka, amma ka tambaya ka tabbatar. Muka ajiye jaka muka fita da zumuɗi wajen sha ɗaya da rabi don ganin tsohuwar gadar dutsen da garin ya shahara da ita, wanda shi ne kuskurenmu na farko a garin. Daidai lokacin manyan motocin 'yan yawon yini ɗaya suke sauke mutane, daga Dubrovnik da Split na Kuroshiya da kuma Sarayebo. Lungun kasuwar ba masaka tsinke, a kan gadar kuwa turawa kawai ake, ga duwatsun sun goge sun yi santsi kamar an shafa mai, ga gadar a tudu take tana hawa tana gangarowa. Takalmina mai sulɓin ƙasa ne, na zame na dafa ƙasa da hannu, Allah ya taimaka ban ji ciwo ba. Akwai layukan dutse da aka ɗaga a kwance a kan gadar, a kansu ake taka ƙafa, ba tsakaninsu ba. Na koma masauki raina a ɓace ina cewa wannan ne abin da na sha wahala a kansa.

Dattijuwar nan, Mama muke ce mata, ita ta gyara mana tsarin gaba ɗaya. Ta haɗa mana gahawa irin tasu a 'yar tukunyar tagulla mai dogon hannu da suke kira jezba, da ƙananan kofuna marasa mariƙi da sukari mai ƙwaya da alawar lokum, ta nuna mana ba juyewa ake a shanye ba, ana ɗan gutsurar sukarin a kurɓa a hankali ana hira. Da ɗan Jamusancinta da namu tace mu kwanta mu huta, gada ta safe ce da dare. Ta bamu labarin lokacin yaƙin Bosniya na shekarun 1990, yadda bayan an rusa gadar suka koma tsallakawa ta wata gadar igiya mai lilo da aka ɗaura a wurin. Bata yi dogon bayani ba, muma bamu matsa ba. Washegari bayan asuba muka fita, ƙarfe shida bata yi ba, ba kowa sai maguna da wani mai shara. A nan ne naga abin da na zo gani. Baka ɗaya ce tal ta farin dutse, tsawonta wajen mita 30, faɗinta mita 4, ta tashi daga wannan dutsen ta sauka a wancan, hasumiya a kowane gefe, ƙasa can sama da mita 20 ruwa kore shar yana gudu ana jin ƙararsa. Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ne ya bada umarnin gina ta a 1557, magini Hairuddin ya gama ta a 1566, ta tsaya shekara 427 kafin a harbe ta da manyan bindigogi ta faɗa kogin ranar 9 ga Nuwamba 1993. Wadda muke tsaye a kai an sake gina ta ne da irin dutsen yankin da irin dabarun da, aka buɗe ta a Yulin 2004, shekara ɗaya bayan nan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka ta cikin kayan tarihin duniya. Sunan garin ma daga masu gadin gadar ya samo asali, mostari. A gefen hanya akwai ɗan dutse da aka rubuta kar a manta da 93, jiya cikin turmutsutsu na wuce shi ban ma gani ba.

Da kasuwa ta fara buɗewa muka bi lungun maƙeran tagulla, Kujundžiluk, tun daga nesa kana jin ƙwanƙwasar guduma. A gaskiya rabin kayan da ke shagunan na kamfani ne da aka shigo dasu, in kana son na hannu ka tsaya inda kaga mutum a zaune yana bugawa da kansa, ya fi tsada amma ka san abin da ka saya. Muka shiga masallacin Koski Mehmed Pasha da ke bakin kogin, ginin wajen 1618 ne. A nan ma na ɗan rikice, naga ana karɓar kuɗi a ƙofa nace ya za'ai a biya kuɗin shiga masallaci. Abin da yake shi ne mai zuwa kallo da hawa hasumiya shi ke biya, mai zuwa sallah a lokacin sallah ba'a karɓar masa komai. Mun biya mun hau, matakalar a murɗe take ga ƙunci, mutum biyu basa giftawa sai ɗaya ya manne da bango, mai tsoron matsatsi ko tsayi ya haƙura ya tsaya a farfajiyar, daga can ma ana ganin gadar sosai. Juma'a kuma a masallacin Karađoz-beg muka yi, wanda ya girme shi, na wajen 1557. Mutanen Hanafiyya ne, zaka ga 'yan bambance-bambance, amma sahu ɗaya muka tsaya, bayan an idar wani tsoho ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta magana ban ji ko kalma ɗaya ba sai merhaba, wato gaisuwarsu, har yanzu ina tuna fuskarsa.

Masu tsalle daga gada kuwa zaka gansu da rana. Samarin garin ne, suna da ƙungiyarsu a hasumiyar gefen yamma, ɗaya zai tsaya a bakin ƙarfen kamar yanzu zai faɗa, ɗaya yana zagawa da hula yana tara kuɗi, sai abin ya kai yadda suke so sannan ya watsa wa jikinsa ruwan sanyi ya tafi. Kar ka tsaya a kan gadar kana jira, ka sauka ƙasa bakin ruwa ta ɓangaren yamma, daga can ake ganin tsayin da gaske. Duk ƙarshen Yuli akwai gasa da suke yi, mu bamu riske ta ba. Baƙo ma yana iya yi in ya biya sun horar dashi daga ƙaramin tudu tukuna, abokina ya fara zancen nace wallahi ba da ni ba, kuma da ya tsoma ƙafarsa a ruwan na minti ɗaya shi da kansa ya bar maganar. Mutane sun ji munanan raunuka a wurin, wasu sun rasa ransu, ba abin gwada jarumta bane.

Yanzu ga inda na fi yin shirme a tsari, wato raftin, tuƙa kwale-kwalen roba a ruwa mai gudu. Na biya kafin alƙalami ta intanet tun ina gida, tallar tace raftin a Neretva, ni kuma tunda Neretva ce ta ratsa Mostar na ɗauka daga bakin gada za'a ɗauke mu. Daren jajibiri na tura saƙo ina tambayar inda zamu haɗu sai aka turo min adireshi a Konjic, garin da muka wuce a jirgi, kusan kilomita 70 baya. Nace ba zaku zo ku ɗauke mu ba, sukace sai an ƙara kuɗin mota, kuɗin kuma ya kusa na raftin ɗin kansa. Haka muka tashi da asuba muka bi jirgin safe mai komawa Sarayebo muka sauka a Konjic. A can aka bamu shayi da abin karyawa, aka raba mana rigar roba mai matse jiki wadda ke riƙe ɗumi, rigar ceto, hular kwano da takalmin ruwa, aka zuba mu a mota aka hau damu dutse zuwa wajen ƙauyen Glavatičevo inda ake farawa. Mu takwas a kwale-kwale da jagora a baya, ya koya mana riƙon filafili, yadda ake saƙale ƙafa, da abin da zaka yi in ka faɗa: ka kwanta da baya ƙafafu gaba, kar ka yi ƙoƙarin tsayawa don dutse zai iya riƙe ƙafarka. Da na ji rigar robar ta dame ni da zafi na so in cire, ruwan farko da ya watso min a ƙirji sai da numfashina ya ɗauke. Saman Neretva ko a tsakiyar zafi ruwan yana sauka har digiri 7 ko 8, daga cikin duwatsu yake fitowa, ga shi garau kana ƙirga tsakuwar ƙasa, jagoran ya ɗiba da hannu ya sha muma muka sha. Wajen awa biyar muka yi a ruwa har da tsayawa cin abinci a kan tsakuwa. Akwai inda bangon dutsen ya matso ta gefe biyu har rana bata shigowa, ruwa na tsiyayowa daga sama ta cikin ganye, kowa ya ajiye filafili muka bar ruwan ya tafi damu. A Yuli ruwan ya ja baya, guraren gudun basu da tsanani, wanda bai taɓa yi ba ma zai iya, masu son mai ƙarfi watan Afrilu da Mayu suke zuwa lokacin da ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa. Duka da abinci ya tasar mana wajen yuro 50 kowa. Mun dawo da jirgin yamma hannuwana kamar ba nawa ba, amma in aka ce in zaɓi yini ɗaya a tafiyar shi zan ɗauka.

Kwana na uku muka je Blagaj, kilomita 12 ne kawai, bas ɗin gari na zuwa da 'yan marka kaɗan. Zawiya ce ta darwishai, farin gida mai baranda ta katako, an gina ta tun wajen 1520 a gindin wani bangon dutse mai tsayin kusan mita 200, kuma daga kogon da ke ƙarƙashin bangon kogin Buna yake fitowa gaba ɗayansa, ba ɗan tsiyaye ba, kogi cikakke. Ɗariƙu daban-daban sun zauna a wurin har da Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya, har yau ana zikiri. Ana biyan kuɗin shiga, ana cire takalmi, mata su rufe kai, mai gajeren wando a bashi zane ya ɗaura, duk akwai a ƙofa. Wajen ya cika da gidajen abinci har bakin ruwa wanda ni a ganina sun rage masa kwarjini, amma da ka shiga ciki ka zauna a kan kilishi kusa da taga, sanyin ruwan na shigowa, sai kaji ka nutsu, na gane dalilin da yasa mutanen Allah suka zaɓi nan. Mun ci gasasshen kifin ruwan sanyi muka fito, sai muka tarar ashe ranar Lahadi bas ɗin kaɗan ne, mun fi awa ɗaya a rana kafin muka haƙura muka ɗau taksi. Ka duba lokacin bas ɗin komawa tun kana sauka. Da yamma muka haɗa kuɗi da wasu baƙi biyu muka ɗau mota zuwa Počitelj, ƙauyen dutse a jikin tudu mai ganuwa da masallaci da hasumiyar agogo, mata na sayar da ɓaure da ruwan rumman a kan matakala, daga nan muka wuce magangarar ruwa ta Kravica mai tsayin wajen mita 25. Kyau akwai shi, ana iyo a ƙasanta kuma ruwan bai kai Neretva sanyi ba, amma cunkoso da yanayin shigar masu wanka yasa bamu daɗe ba, mai iyali ya san da wannan, ko ya je da sassafe. Marka 20 muka biya a ƙofa, kuma ba bas da ke kaiwa har wurin.

Abinci ba zai baka wahala ba a ɓangaren gabas, yawanci Musulmi ne. Ćevapi, wato 'yan mulmulallen gasasshen nama a cikin burodi mai laushi da albasa, wajen marka 10 ka ƙoshi. Da safe burek daga gidan burodi, amma ka sani a wurinsu burek mai nama ne kawai, mai cuku sirnica ne, mai dankali krompiruša. In ka tsallaka yamma, inda yawanci Kuroshiyawa Kiristoci ne, ka dinga tambaya, kalmar naman alade svinjetina ce, na rubuta ta a waya ina nunawa. Kuma dan Allah ka tsallaka ɗin, kar ka tsaya a tsohon gari kawai. Babban titin da ya zama fagen daga lokacin yaƙi yana nan 'yan mintuna daga gada, har yanzu akwai gine-gine da ramukan harsashi a jikinsu, bishiya ta fito ta tagoginsu, kusa dasu kuma sabbin shaguna da yara na cin askirim. Ban ɗauki hoto da yawa a nan ba, jikina ya yi sanyi.

Safiyar ƙarshe muka hau tudun Fortica da ke gabashin gari, inda akwai dandamalin gilashi da igiyar da ake zamewa a kai a tsallake kwari. Daga sama gaba ɗaya garin na tafin hannunka, kogin kamar koren zare, hasumiyoyin masallatai a nan, dogon ginin coci da babban gicciyen kan dutsen Hum a can. Mun tashi tun biyar da rabi da ruwa lita biyu kowa kuma duk ya ƙare, hanyar ba inuwa. Abu ɗaya da Mama ta maimaita mana har sau uku, nima zan maimaita: a duwatsun Bosniya ba'a yanke hanya ta cikin daji. Har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi a wasu wurare, inda aka sani an kafa jan allo mai hoton ƙoƙon kai an rubuta mine, ka bi titi ko hanyar da aka yi wa alama, in kuma manyan duwatsu irin Prenj ko Velež kake so to ka ɗau jagora ɗan gari.

In zan sake, Konjic zan fara sauka daga Sarayebo in kwana ɗaya in yi raftin, in ga tsohuwar gadarsu da masu sassaƙar katako da garin ya shahara dasu, sannan in wuce Mostar da jirgin yamma, da na huta da kuɗin jirgi biyu da tashin asuba. Zan zo a watan Mayu ko Satumba ba Yuli ba. Zan bar rigar sanyi in ɗau takalmi mai kama ƙasa da hula. Daga sha ɗaya zuwa huɗu bazan kusanci gada ba, lokacin barci ne ko zama a inuwa a bakin ƙaramar gadar nan karkatacciya ta kan rafin Radobolja. Kuma ko kusa bazan yarda da tsarin zuwa a koma a yini ɗaya ba, don mai yin haka garin da na gani ranar farko shi kaɗai zai gani. Duka tafiyar banda tikitin jirgin sama ta ci min ƙasa da yuro 300, har da 'yar tukunyar gahawar da na saya wajen wani maƙeri. Markar da ta rage maka ka canza ta ko ka kashe ta kafin ka fita ƙasar, a waje da wuya ka samu mai karɓa, ni yanzu haka akwai marka 35 a cikin fasfona da na manta dasu sai da muka sauka Biyana.